Yadda Za Ka Dawo da Saƙonnin Imel Ɗinka Ba Tare da Ka Amsa Laifi Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. In masu kutse sun shiga akwatin imel ɗinka sun yi ta'asarsu sun fita, kuma tun ranar ko saƙon talla bai ƙara shigo maka ba, ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, saƙonninka za su dawo, girmanka kuma ba zai zube ba. Na farkon kowa zai iya yi maka. Na biyun shi ne aikin ƙwararru.

Kada ka tsaya tambayar takardun shaidata. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran keken rubutu a garin nan, kuma kwamfuta ba wani abu ba ce illa keken rubutun da aka liƙa wa talabijin. Sannan na gwada hanyar a kan mutum mai rai, abokina Obrad, tsohon mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa, wanda muke shan gahawa tare kowace hantsi. Da shi zan riƙa ba ka misali, don ya bi shawarata sau da ƙafa in ban da a wuri ɗaya.

Ga abin da ya sa akwatin ya dame shi. 'Yarsa tilo, Senka, nas ce a Jamus. Shekara huɗu da suka wuce ya samo mata aiki a ofishin tasha, ta ce ita aikin asibiti ta karanta, ta haɗa jakarta. Ya raka ta har bakin jirgi, ya ce in ta hau kada ta sake kiran gidansa. Ta hau. Ba ta kuma kira ba, don jininsa ce. Uwarta da ke shiga tsakaninsu ta riga mu gidan gaskiya. Bana da sanyi ya fara shigowa, Obrad ya rubuta mata layi biyu: slava ta kusa, bikin waliyyin gidansu, ta zo gida. Kwana uku ya ɗauka yana rubuta layi biyun nan. Ya aika, ya zauna jiran amsa.

Mataki na 1: Kada ka lura da wuri

Ɓarawon kirki ba ya toshe maka hanyar fita. Hanyar shiga yake toshewa, don kada ka ga masu tambayarka ko lafiya. Saboda haka saƙonka zai riƙa tafiya sumul, na mutane ne ba zai zo ba. Mai rawar kai kwana biyu zai yi ya fara zargi. Kai kuwa dattijo ne, ka ɗauki lokacinka.

Obrad mako shida ya yi. Kada ka ga laifinsa. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana magana ta lasifika, ɗaruruwa na ji babu mai mayar masa, shiru a wurinsa ladabi ne. A makonnin nan ya rubuta wa hukumar gari kan ramin da ke ƙofar kasuwa, ya rubuta wa jarida kan lalacewar tarbiyya, ya rubuta wa ƙungiyar 'yan fansho sau huɗu. Ko ɗaya bai amsa ba.

"Ka ga na kashe bakinsu, Miladin," in ji shi. "Sun rasa ta cewa."

Na ce ai haka ake gane rubutu ya ratsa.

Mataki na 2: Musanta abin da kowa ya gani

Za a wayi gari duk wanda ke cikin jerin sunayenka ya sami saƙo da sunanka. Na Obrad tallan maganin sanƙo ne, har da hoton kai kafin shafawa da bayan shafawa. Shi kuma Obrad rabon kansa da gashi tun Senka na goye.

Limamin cocinmu, wanda sumarsa ke sauka har kafaɗa, ya tare shi a bakin titi.

"Ɗana Obrad, na gode da kulawa. Amma in maganin na aiki, me ya hana ka fara da kanka?"

"Wane magani, ranka ya daɗe?"

Ka ji amsar ƙwararre. Kada ka ce an yi maka kutse, don wanda aka yi wa kutse mutum ne da aka fi wayo. Ka ce ba ka san zancen ba. In an nuna maka a waya, ka ce ba ka fito da tabarau ba. In da tabarau a fuskarka, ka ce na nesa ne.

Mataki na 3: Nemo mai laifi daidai girmanka

In musu ya ƙi ci, to ka amince an shiga, amma ka zaɓi wanda ya shiga. Kada ka yarda a ce wani zauna-gari-banza ne da ke aika saƙo dubu a minti ɗaya, wannan cin fuska ne. Mu a teburin gahawa mun zauna mun yi bincike, muka gano 'yan leƙen asirin wata babbar ƙasa ne. Dalili a fili yake: Obrad ya haddace lokutan jiragen ƙasar nan kaf, har da waɗanda aka daina gudanarwa.

Ya ji daɗin wannan sakamako ƙwarai. Kwana biyu yana yawo da wuyan kwat a ɗage, yana waiwaye kafin ya shiga shagon burodi.

Abin lura: mutum yana iya jure kowace irin sata in dai ɓarawon mai muƙami ne.

Mataki na 4: Fassara shirun, ka mayar da martani

Nan ne aikin yake. Ƙarshen mako na huɗu na ga Obrad ya daina gyara wa mutane lokacin jirgi, yana juya cokali a kofin da babu komai. Ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye maka ba.

"Ba ta amsa ba," in ji shi.

"Wa?"

"Ka san wa. Layi biyu na rubuta mata, Miladin. Ni. Ko 'na gani' ba ta ce ba."

"To sai me? Za ka zauna 'yar cikinka ta shanya ka?"

"Ko in tambaye ta ko saƙon ya isa?"

Na ajiye kofina. Na ce masa kul! Wanda ya tambaya ko saƙonsa ya isa ya tona cewa jira yake, wanda ke jira kuwa shi ne a ƙasa. Abin yi shi ne ya janye gayyatar kafin a ƙi ta, kuma kada ya ambaci shirunta ko da kalma ɗaya, don kada ta san ya dame shi. Tare muka tsara shi a bayan takardar goge hannu, kuma har yau ina alfahari da gajartarsa:

"Na sake tunani. Bana baƙi sun yi yawa, babu wuri a gidan. Kada ki wahalar da kanki."

Ya je gida ya aika. Na gaya maka tun farko, hanyar fita lafiyarta lau.

Mataki na 5: Guji wanda ya san aikin

A kowace unguwa akwai mutum ɗaya da zai iya gyara maka abin cikin minti goma. Ka san shi, ka kauce masa. A unguwar Obrad mace ce ma, Kosara, maƙwabciyarsa ta jikin katanga, wadda ta shekara arba'in a gidan waya tana buga hatimi, yanzu kuma take zuwa ajin kwamfuta na tsofaffi a laburare duk Talata. Tun rasuwar matarsa ita ke dafa masa alkamar slava, ita ke gasa gurasar da ake yankawa.

Ya kauce mata daidai gwargwado. Amma saura kwana shida biki ta turo ƙofar kicin ɗinsa ba sallama, mayafi a kafaɗa, wayarta a hannu. Ina zaune, a gabana aka yi.

"Maƙwabci, kurma ka zama ko girman kai ne ya ƙaru? Saƙo uku na aiko maka. Kilo nawa na kifi? Wake fa, tukunya ɗaya ko biyu?"

"Ban ga saƙonki ba."

"Amma ka ga damar aiko min maganin sanƙo."

"Wannan aikin 'yan leƙen asiri ne. Ba abin da mata za su gane ba ne."

"Allah sarki, sun rasa wanda za su leƙa sai kai. Buɗe kwamfutar."

"Maƙwabciya, ki je zan..."

"Ranka ya daɗe shugaban lasifika, buɗe. Ina da kullu a gida yana tashi."

Ya buɗe. Ta tsaya a kansa ta aika masa saƙo daga wayarta. Muka zuba wa allon ido mu uku. Minti ɗaya, biyu, biyar, babu abin da ya shigo. Ta duba saƙon ƙarshe da ya samu, ta ga na farkon Nuwamba ne.

"Mako shida ba wanda ya ce maka uffan, kuma ba ka ji komai ba?"

Na sa baki na ce wataƙila kintinkirin tawada ne ya bushe, kamar na keken rubutu. Ta dube ni sau ɗaya, na mayar da idona kan allo.

Mataki na 6: Kare kalmar sirrinka har ƙarshe

Za a ce maka laifin kalmar sirrinka ne. Kada ka yarda. Obrad ya miƙe tsaye ya ce tasa ko matarsa ba ta taɓa sani ba, kuma ba zai faɗe ta a gaban kowa ba.

"Ba sai ka faɗa ba," in ji Kosara. Ta fitar da shi daga akwatin, ta ja kujera, ta buga da yatsa biyu: nikola1912. Akwatin ya buɗe.

Obrad ya koma ya zauna a hankali. "Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Sha tara ga watan sha biyu, ranar Waliyyi Nikola. Shekara nawa ina cin kifi a gidan nan a ranar? Rabin ƙasar nan ranar suke biki, ɗaya rabin kuma suna gidajen masu bikin suna ci. Kowa a ajinmu na laburare ita ya sa. Malamar har ta daina tambaya. Canza ta."

Ya juya mata baya, ya kare allon da kafaɗa, ya yi dogon tunani, ya buga sabuwa.

"In waliyyin gidan surukanka ka sa, goge. Can ma na ci abinci."

Ya goge.

Ni dai ra'ayina, mutumin da ya damƙa akwatinsa a hannun waliyyin gidansu ya yi abin da ya dace, kuma ba a gidana za a ji an ce waliyyi ya yi sakaci ba. Tawa kalmar ma ban canza ba.

Mataki na 7: In ya zama dole a gyara, ka tsaya a baya kana cewa "dama na sani"

Ga abin da ta yi, na rubuta ne kawai don cika takarda. Ta shiga wurin saiti. Ta duba lambar wayar da ake farfaɗo da akwati da ita, ta tarar ba tasa ba ce, ta mayar da tasa. Ta duba ko ana tura saƙonninsa wani adireshi, ta tarar ana turawa, ta kashe. Sannan ta buɗe wurin da ake kafa wa akwati dokoki, sai ga doka ɗaya tal da ɓarawon ya bari: duk saƙon da ya shigo, a nuna an karanta shi, a wuce da shi wani aljihu. Aljihun ko suna ba shi da shi, ɗigo ɗaya ne a can ƙasan jeri, wanda za ka ɗauka kashin ƙuda ne a kan gilashi. Obrad ma ya ce ya sha goge shi da hannun riga.

Ta share dokar, ta sake aika saƙo. Kwamfutar ta yi ƙara, saƙon ya shigo: "Kilo nawa na kifi?"

"Dama na sani," in ji Obrad. Na yi masa jinjina da ido.

Sai ta danna ɗigon. Saƙo ɗari uku da goma sha biyu.

Mataki na 8: Share aljihun ba tare da ka karanta ba

Wannan matakin kada ka yi wasa da shi. Abin da ke cikin aljihun nan tsoho ne, ya riga ya huce, ba abin da zai ƙara maka sai hawan jini. Ka zaɓe su duka ka zuba a kwandon shara. Na faɗa wa Obrad haka, har na miƙa hannu in taimaka, Kosara ta buge min yatsu.

Hukumar gari ta amsa, ta ce an cike ramin tun bara, ya je ya duba. Jarida ta ce ya rage tsawo. Mutum ashirin da bakwai sun tambaya ko lafiya. A tsakaninsu akwai sunan Senka sau huɗu.

Na farko ya zo ne awa ɗaya bayan gayyatarsa. "Baba, zan zo. Na karanta saƙonka sau goma a ɗakin canza kaya. Ɗakina yana nan, ko ka zuba tarkace a ciki? Ga lambata a ƙasa."

Na biyu bayan mako guda. "Na sami hutun kwana biyar, da ƙyar. Na ga tallan maganin sanƙo, na yi dariya har aka leƙo. Ka canza kalmar sirrin nan, kowa ya san ta."

Na uku. "Baba, ka yi shiru. Ka hana ni kira, ban kira ba. In ka ce in kira zan kira. Ka ce min e kawai, akwai wurina ko babu?"

Kwana biyu bayan wannan ne saƙonmu na takardar goge hannu ya isa gare ta. Amsarta ita ce ta huɗu, kuma ita ce ta ƙarshe.

"To, Baba."

Obrad ya cire tabarau ya ajiye, ya sake ɗauka ya saka. Kosara ta tambayi me ya rubuta mata. Ya buɗe ya nuna. Ta karanta, ta ce wane mara tsoron Allah ne ya ba shi wannan shawara. Daidai lokacin na lura labulen kicin ɗin yana buƙatar gyara, na tashi na gyara.

Mataki na 9: Yi bayani a rubuce, kada ka taɓa waya

Ko a nan ba a makara ba. Akwati ya gyaru, sai ka zauna ka rubuta cikakken bayani: 'yan leƙen asiri, sakacin kamfanoni, lalacewar zamani. A rubuce kai ke da fili, ba mai katse ka, ba mai jin muryarka in ta yi rawa. Waya kuwa tarko ce, don a cikinta ɗaya ɓangaren ma yana magana.

Obrad ya rubuta shafi biyu da taimakona, ya aika. Kwana biyu yana zaune gaban allon. Talla ta shigo, 'yan fansho sun shigo, limami ya shigo da lokacin da zai zo sa wa gurasa albarka. Akwatin na aiki kamar sabo, duk wanda ya rubuta masa yana isowa. Ita ce ba ta rubuta ba.

A nan ya ci amanata. Rana ta uku da hantsi bai zo gahawa ba. Na bi sawunsa, na same shi tsaye a kicin da waya a kunne, Kosara na jingine da ƙofa ta tare hanya. Wayarsa irin mai ƙarar nan ce ta masu nauyin ji, don haka na ji komai.

"Senka. Ni ne."

"Wanne daga ciki? Mai gayyata, mai maganin sanƙo, ko mai cewa babu wuri?"

Na yi masa alama da hannu ya fara da 'yan leƙen asiri. Ya buɗe baki, na ga jawabin ya taho har maƙogwaro. Sai ya haɗiye shi.

"Na ƙarshen ni na rubuta. Ba ɓarawo ba ne. Ni ne."

"Na sani. Ɓarawo ba zai san inda zai soka ba."

"Ɗakinki yana nan. Ban taɓa komai ba. Ki zo."

Ya tsaya yana jiran amsarta, bai cike wurin da surutu ba. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya bar shiru ya kai haka ba.

"Baba, ranar da na karanta saƙonka na babu wuri, na ba wata abokiyar aiki hutuna. Tana can wurin 'ya'yanta. Ranar sha tara ina bakin aiki tun safe."

"Ba yadda za a yi?"

"Babu. Bana ya wuce."

Ya dafa tebur. "To."

"Ƙarfe nawa za a yanka gurasar?"

"Sha biyu."

"Ina da hutun minti goma sha biyar. Ka kira ni, ka ajiye wayar a kan tebur in ji. Kada ka yi jawabi."

"Ba zan yi ba."

"Za ka yi. Ka dai rage."

Ranar biki na je, don ni ba na riƙe mutum a zuciya, kuma kifin Kosara ba abin ƙauracewa ba ne. Gida ya cika, kyandir na ci. An jera faranti goma sha takwas, ɗaya babu kowa a gabansa, sai waya a jingine da kofi. Obrad ya yanka mata gurasa ya ɗora a farantin. Da minti goma sha biyar suka cika ta ce ana kiranta, ta kashe. Gurasar tana nan har baƙi suka watse.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya cika alkawarinsa, saƙonni sun dawo. Batun girma kuwa, wanda ya tsallake mataki na tara shi ya zubar da nasa da hannunsa. Babu ruwana da kujerar da ta zauna babu kowa, ko hutun da aka kyautar, ko dattijon da aka gani yana share ido da tsumman goge kwano. Takardar goge hannu da ake cewa an gani da rubutuna, mutane da yawa suna da irin hannuna. Kosara ta ce in na sake ba wani shawara za ta karya min yatsu, saboda haka abin da ka karanta ba shawara ba ce, labari ne. Saƙon da aka aiko maka aka ɓoye, na nuna maka inda yake. Wanda kai ka aika da kanka, na duba wurin saiti sama da ƙasa, babu maɓallin da ke dawo da shi. Kada ka zo min gida.